Abin da ƙwayoyin jinina suka nuna a tsawon jinyar metadon

Asibitin da ya karɓe ni don jinyar jarabar hiroyin yana da ƙa'idar cewa ba a ba majinyaci metadon ko sau ɗaya sai an ɗebi jininsa an auna. Ban da wannan gwaji na kowa da kowa, an tambaye ni ko zan yarda a riƙa ɗibar ƙarin jini lokaci zuwa lokaci domin wani ɗakin gwaje-gwaje da ke bibiyar yadda ƙwayoyin jini ke sauyawa a jikin masu irin wannan jinya. Na yarda na sa hannu da sharaɗi guda, wato a riƙa yi mini bayanin abin da aka gani yadda zan fahimta. An cika mini wannan sharaɗi, kuma a nan ne na samu abin da nake son rubutawa, domin yawancin masu magana a kan jinyar riƙo, masu yabonta da masu kushe ta, suna tsayawa ne a kan halin mutum da abin da ido ke iya gani, alhali akwai wani sauyi da ke gudana a cikin jini, wanda yake tafiya a hankali kuma gaggawar kowa ba ta ƙara masa sauri.

Jinyar riƙo ita ce a ba wanda ya kamu da jarabar hiroyin ko danginta, kamar mofin da kodin da taramadol, wani magani daga cikin wannan dangi mai daɗewa a jiki, a ma'auni tsayayye, kullum, ƙarƙashin kulawar likita. An haɗa metadon a Jamus a ƙarshen shekarun 1930, amma sai a 1965 ne Vincent Dole da Marie Nyswander, likitoci a cibiyar Rockefeller ta Amurka, suka wallafa sakamakon amfani da shi a wannan hanya. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi, tare da bufurenofin, wani maganin da ake irin wannan jinya da shi, cikin jerin muhimman magungunan da bai kamata a rasa su ba. Bambancinsa da hiroyin yana cikin lokaci. Hiroyin takan rikiɗe zuwa mofin cikin mintuna kaɗan bayan ta shiga jini, rabin mofin ɗin kuma yakan bar jini cikin awa biyu zuwa uku, saboda haka kafin awa goma sha biyu ciwon yankewa ya fara: hamma, zubar majina da hawaye, gumi, murɗawar ciki, ciwon ƙashi. Metadon kuwa rabinsa yakan ɗauki kimanin awa ashirin da huɗu kafin ya fita, ko da yake wannan ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Kafin in zo asibiti jikina yana hawa yana sauka tsakanin maye da ciwo sau da yawa a kowace rana, kuma na yi shekaru a haka. Daga baya na gane cewa wannan hawa da sauka shi ne jigon kusan duk abin da aka karanta a jinina.

Ɗibar farko ta ba ma'aikaciyar jinya wahala, saboda jijiyoyin jini na gwiwar hannuna sun taurare da tabon allura, sai a bayan hannu ta samu wadda ta buɗe. Ta cika kwalabe masu murfi kala daban-daban. Mai murfin shunayya tana ɗauke da sinadarin EDTA da ke hana jini daskarewa, ita ake amfani da ita wajen ƙirga ƙwayoyi, mai koren murfi kuma tana ɗauke da hefarin, ita ake kaiwa ɗakin bincike da wuri domin ana son fararen ƙwayoyin da ransu. An haɗa ni kuma da na'urar auna bugun zuciya, aka duba fotasiyam da maganisiyam na jini, domin metadon yana iya tsawaita lokacin da zuciya ke ɗauka tana shirin bugu na gaba, kuma ƙarancin waɗannan sinadarai biyu yana ƙara wannan haɗari.

Da sakamakon ya fito, likita ya ajiye takardar a tsakaninmu ya bi ta layi bayan layi. Himogulobin, wato furotin ɗin da ke cikin jajayen ƙwayoyi mai ɗaukar iskar oksijin, ya gaza giram 13 a desilita, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa namiji baligi kafin a ce yana da ƙarancin jini. Jajayen ƙwayoyin kansu sun fi yadda ya kamata ƙanƙanta. Fararen ƙwayoyi sun ɗan haura iyakar sama, wadda take wajen 11,000 a maikurolita, yayin da ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ake kira filatilet, suka yi ƙasa da 150,000. Gwajin ciwon hanta nau'in C ya nuna ina ɗauke da cutar, gwajin cuta mai karya garkuwar jiki kuwa ya nuna ba ni da ita. Na tambaye shi ko hiroyin ce ta yi duk wannan ɓarna. Ya ce: "Malam, in na ce maka ita kaɗai ce, na yi maka ƙarya. Ka yi shekaru ba ka cin abinci yadda ya kamata, kana shan taba, kana da ƙuraje a wuraren allura, hantarka tana fama da cuta, ba a kuma san abin da ake gauraya wa abin da kake saye ba. Kowanne daga cikin waɗannan yana da hannu a wannan takarda." Na riƙe wannan magana, kuma ina ganin ita ce ta farko da ya kamata duk mai karanta bincike a kan jinin masu jaraba ya riƙe, domin da wuya a samu majinyacin da abu ɗaya ne kawai ke damun jininsa.

An fara ni da ma'auni ƙarami, domin ƙa'ida ita ce kada na ranar farko ya wuce miligiram 30. Kwanakin farko sun yi mini tsanani, saboda maganin yakan sake ni kafin gari ya waye, na kuma roƙi a ƙara mini da sauri, likita ya ƙi. Dalilinsa shi ne metadon yana taruwa a jiki: na jiya bai gama fita ba na yau ya shigo, saboda haka ko ba a ƙara komai ba, yawansa a jini yana ci gaba da hauhawa har kusan kwana biyar kafin ya daidaita. Wanda aka ƙara wa bisa kukan da ya yi a rana ta biyu yana iya daina numfashi a cikin barci a rana ta huɗu, kuma makonnin farko na jinya su ne mafi haɗari. Ya ƙara da cewa kusan kashi tara cikin goma na metadon da ke cikin jini a manne yake da furotin na ruwan jini, musamman wani da hanta ke ƙara yinsa idan jiki yana fama da kumburi ko cuta, kuma ɗan abin da ya rage a sake shi ne yake aiki. Ke nan mutum biyu masu shan ma'auni ɗaya ba lalle su ji abu ɗaya ba. An ci gaba da ƙara mini kaɗan kaɗan har muka tsaya a cikin iyakar miligiram 60 zuwa 120 da jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 ta ambata, a inda na fara wuni in kwana ba maye ba ciwo.

A wannan lokaci ne aka ba ni damar ganin abin da ake yi da jinina a ɗakin binciken. Malamar da ke kula da aikin ta zuba jinin a hankali a kan wani ruwa mai kauri a cikin kwalba, ta sa a injin da ke wulwula shi da gudu. Da ta fito da shi, jajayen ƙwayoyi sun kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya yana sama, a tsakiya kuma akwai wani siririn zobe fari kamar hazo. Ta ce wannan zoben su ne limfosait da monosait, wato wasu ire-iren fararen ƙwayoyin jini, kuma su take nema. Na ce: "Malama, jaraba ai a ƙwaƙwalwa take, me ya kawo ku jini?" Ta amsa cewa ba wanda zai yanki ƙwaƙwalwar mai rai don ya auna, amma wasu daga cikin kayan aikin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke amfani da su wajen karɓar saƙo ana samun irinsu a ƙwayoyin jini, waɗanda ake iya ɗiba sau da yawa ba tare da an cutar da mutum ba. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder suka nuna cewa akwai makarɓa na musamman a ƙwaƙwalwa da mofin ke maƙalewa a kansu, a 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano cewa jiki da kansa yana yin sinadaran da ke hawa waɗannan makarɓa, a 1979 kuma Joseph Wybran da abokan aikinsa a Beljiyam suka kawo shaidar cewa mofin yana sauya halin limfosait na ɗan Adam, kuma maganin nalokson da ke toshe makarɓan yana hana wannan sauyi. Ta yi mini gargaɗi cewa makarɓan da ke kan fararen ƙwayoyi kaɗan ne in an kwatanta da na ƙwaƙwalwa, kuma babban ɓangare na tasirin da hiroyin ke yi wa garkuwar jiki yana biyowa ne ta ƙwaƙwalwa, ta hanyar sinadaran da take sa jiki ya saki.

Abin da ya fi kama hankalina a cikin bayaninta shi ne na wani ɗan sinadari da ke cikin ƙwayar halitta, wanda ake taƙaita sunansa da cAMP, mai isar da saƙo daga bangon ƙwaya zuwa cikinta. Idan mofin ya hau makarɓinsa, yakan sa wani furotin da ke manne da makarɓin ya danne inzayim, wato furotin ɗin da ke yin cAMP, sai yawansa ya ragu, ƙwayar ta yi sanyi. Ƙwayar halitta ba ta zama haka nan ta miƙa wuya. Idan dannewar ta daɗe, sai ta ƙara ƙarfin inzayim ɗin domin ta mayar da cAMP inda yake a da, kuma wannan yana daga cikin tushen sabo, inda ma'aunin jiya ba ya isar mutum yau. Ranar da aka janye mofin kwatsam, dannewar ta tafi amma ƙarin ƙarfin yana nan, sai cAMP ya yi tashin gwauron zabo. Lamarin kamar na mutum biyu ne masu jan igiya, ɗaya ya saki ba zato, wanda ya tattara ƙarfinsa duka yana ja shi ne zai faɗi da baya. Sharma da Klee da Nirenberg ne suka nuna wannan a 1975, a kan ƙwayoyin jijiya da aka raina a ɗakin gwaji. Da na ji wannan bayani sai na fahimci ciwon da na sha kowace safiya shekara da shekaru ta wata fuska dabam. Rauni na hali ba ya sa hawaye su zuba da kansu ko tsigar jiki ta tashi. Ƙwayoyin jikina ne suka gina wani shiri na kare kansu, ni kuma ina sakar musu igiyar sau da yawa a rana. Aikin metadon shi ne ya riƙe makarɓin a mataki ɗaya dare da rana, ta yadda ƙwayar za ta zauna a kan daidaito guda maimakon ta yi ta gyara abin da za a rushe bayan 'yan awoyi.

Filatilet suna saurin sabuntuwa, domin kwana bakwai zuwa goma suke yi a jini, wato cikin mako biyu da fara jinya duk waɗanda ke yawo a jikina an haife su ne a ƙarƙashin metadon. Masu bincike suna son su saboda suna zuƙar serotonin, wani sinadarin isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, su adana ta hanyar furotin iri ɗaya da na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, suna kuma ɗauke da makarɓan adirenalin, sinadarin da jiki ke saki lokacin firgita, nau'in alfa-2. A shekarun 1980 Jesús García-Sevilla da abokan aikinsa a Sifaniya sun ba da rahoton cewa yawan waɗannan makarɓa yana ƙaruwa a filatilet na masu shan hiroyin lokacin da suke cikin ciwon yankewa, abin da ya dace da rawar da adirenalin da danginsa ke takawa wajen gumi da bugun zuciya da rashin natsuwa na wannan ciwo. Malamar ta tambaye ni yawan tabar da nake sha kafin ta auna wani inzayim na filatilet mai suna MAO-B, saboda hayaƙin taba da kansa yana rage aikinsa, kuma wanda bai lissafa da taba ba zai ɗora wa hiroyin ko metadon laifin da ba nasu ba. Yawan filatilet ɗina dai bai tashi da zuwan metadon ba, domin matsalarsu daga hanta take. Hanta ce ke yin sinadarin da ke umartar ɓargo ya haifi filatilet, kuma idan ta yi tabo, saifa takan kumbura ta riƙe da yawa daga cikinsu. Sai bayan an yi mini maganin ciwon hanta na mako goma sha biyu, irin sababbin magungunan nan da ke warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu cutar, sannan lambar ta fara hawa a hankali. Ina jaddada cewa da ban samu zaman lafiyar zuwa asibiti kullum ba, da ban iya kammala wannan magani ba, saboda haka ko abin da metadon bai gyara da kansa ba, shi ya ba da damar a gyara.

Jajayen ƙwayoyi su ne suka koya mini haƙuri. Kowace ɗaya tana yin kimanin kwana 120 a jini, saboda haka duk gyaran da aka yi yau ba zai bayyana sosai ba sai bayan wata uku zuwa huɗu, lokacin da tsofaffin da aka haifa cikin wahala suka ƙare. A gwajin wata na farko kusan babu abin da ya motsa, na kuma karaya, har likita ya nuna mini wani layi da ban lura da shi ba, wato yawan sababbin jajayen ƙwayoyi da ɓargo ke fitarwa, wanda ya fara tashi. Ya yi mini bayanin cewa ƙarancin jinina iri biyu ne a haɗe. Akwai ƙarancin sinadarin ƙarfe na gaske saboda rashin cin abinci, akwai kuma kullewar ƙarfen da ke jiki, domin idan akwai kumburi ko ƙuraje masu daɗewa, hanta takan saki wani sinadari mai suna hefsidin da ke hana hanji tsotsar ƙarfe, ya kuma hana ma'ajiyar jiki sakin wanda take da shi. Saboda haka ba ni ƙwayar ƙarin jini tun ƙurajen ba su warke ba ba zai yi amfani sosai ba. Taba ma ta shiga lissafi a nan, domin hayaƙinta yana mamaye wani ɓangare na himogulobin, jiki ya rama da yin ƙari, har lambar mai shan taba ta fi gaskiyar lafiyarsa kyau.

A ɗakin binciken ana auna wani abu dabam a jajayen ƙwayoyin, wato ƙarfinsu na kare kai daga tsatsar da oksijin ke haifarwa. Jar ƙwaya da ta balaga ba ta da cibiya, ba ta iya ƙera sabon furotin, saboda haka da kayan da aka haife ta da su za ta rayu har ƙarshe, tana ɗauke da oksijin wanda shi kansa yana iya lalata bangonta da himogulobin ɗinta. Abin da ke kare ta shi ne wani sinadari mai suna gulutatayon da wasu inzayim kamar katalas da SOD, kuma inzayim ɗin G6PD ne ke samar da abin da ake sabunta gulutatayon da shi. Ana auna waɗannan, ana kuma auna ragowar kitsen bangon ƙwaya da ya lalace. Malamar ta ƙi faɗa mini hukunci a kan lambobina ni kaɗai a wannan fanni, ta ce irin wannan awo yana motsawa da taba da abinci da ciwon hanta da ma tsawon lokacin da kwalba ta yi kafin a auna, kuma ma'anarsa tana fitowa ne idan an haɗa mutane da yawa. Na ga daraja a wannan kamun kai nata, domin abu ne mai sauƙi a faranta wa majinyaci rai da lambar da ba ta tabbata ba.

Fararen ƙwayoyi kuwa labarinsu ya fi kowanne alaƙa da hawa da saukar da na ambata. Mofin yana danne sakin kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin matsi, ciwon yankewa kuma yana tayar da shi tare da adirenalin. Waɗannan biyu suna juya fararen ƙwayoyi: adirenalin yana sako waɗanda ke manne da bangon jijiyoyin jini su shiga yawo, kotisol kuma yana kore limfosait daga jini zuwa wasu sassan jiki, yana rage musu kuzari. Mutumin da ke shiga wannan hali sau da yawa a rana, yana kuma zuba ƙazanta da ƙwayoyin cuta a jininsa ta allura, garkuwar jikinsa a tashe take kullum amma ba ta da ƙarfin da ya kamata. A 1989 David Novick da Mary Jeanne Kreek da abokan aikinsu sun kwatanta masu allurar hiroyin da waɗanda suka yi shekaru masu yawa a kan metadon ba tare da komawa allura ba, suka tarar aikin limfosait nau'in NK, masu kashe ƙwayoyin da cuta ta shiga, ya ragu a rukunin farko, a rukuni na biyu kuma bai bambanta da na masu lafiya ba. A 2008 Paola Sacerdote da abokan aikinta a Italiya sun ba da rahoton cewa ayyukan garkuwar jiki da suka raunana a masu shan hiroyin sun fi kyau a waɗanda ke kan metadon ko bufurenofin. A tawa takardar, yawan fararen ƙwayoyi ya sauko cikin iyaka bayan ƙurajen sun warke, furotin ɗin garkuwa da suka yi yawa a ruwan jini kuma suka ɗauki lokaci mai tsawo kafin su fara raguwa. A jikina abin da na gani shi ne rauni ya fara warkewa a kan lokaci, zazzaɓin da ke yawan kama ni kuma ya ja baya.

Yayana, wanda ya ɗauki nauyina a lokacin da kowa ya gaji, ya daɗe bai gamsu da jinyar ba. Ya ce mini: "Ni dai abin da na gani, ka bar wani abin maye ka kama wani, sai dai wannan likita ne ke ba ka." Na ce: "Yaya, gaskiya ne dangi ɗaya ne, kuma gaskiya ne in na daina yau zan yi ciwo, ban ɓoye maka wannan ba." Sannan na shimfiɗa masa takardun gwajin a jere tun daga ta farko. Ban yi haka don in ci shi da hujja ba, na yi ne domin tambayarsa tambaya ce ta gaskiya da ta cancanci amsa. Ra'ayina, bayan abin da na gani, shi ne masu wannan magana suna duba sunan sinadarin ne su bar yanayin da yake sa jiki a ciki. Ƙwayar jini tana amsa wa abin da ya same ta ne: tashin kotisol da faɗuwarsa, ƙazantar allura, yunwa, rashin barci, kumburi. Jinyar riƙo ta kawar da yawancin waɗannan, ta bar abu guda, wato dogaro da magani, kuma tsakanin dogaro tsayayye da rayuwar da na baro akwai tazarar da takardun suka nuna ba tare da na ƙara musu komai ba. Dole da Nyswander sun faɗa tun 1967 cewa jaraba tana da tushe a sauyin sinadaran jiki mai daɗewa, aka yi ta jayayya da su, kuma ban ga abin da ya ƙaryata su a jinina ba.

Ba komai ne ya koma yadda yake a da ba, kuma metadon yana da nasa nauyin. Himogulobin ɗina ya hau ya tsaya a bakin iyaka ya ƙi wucewa, da aka bincika sai aka ga sinadarin maza, wato testosteron, ya yi ƙasa. Metadon yana danne shi kamar yadda danginsa ke yi, shi kuma yana daga cikin abubuwan da ke zaburar da ɓargo ya yi jajayen ƙwayoyi. Malamar ɗakin binciken ta kuma ba ni labarin wani sauyi mai zurfi da ake nema a limfosait. A 2009 David Nielsen da Kreek da abokan aikinsu sun ba da rahoton cewa a limfosait na tsofaffin masu shan hiroyin da ke kan metadon, jigon gadon da ke ɗauke da tsarin makarɓin mofin, wanda ake kira OPRM1, yana ɗauke da ƙarin wasu alamun sinadari da kan rage yawan karanta jigon. Irin wannan awo na lokaci guda ba ya raba tsakanin abin da hiroyin ta bari da abin da metadon ya kawo da abin da mutum ya zo da shi tun farko, shi ya sa take son jinin da aka ɗiba kafin ma'aunin farko, take kuma bin mutum ɗaya tsawon lokaci. Wasu limfosait suna rayuwa shekaru, saboda haka su ne na ƙarshe da za su nuna ko wani abu ya sauya.

Akwai lokacin da aka yi zargin ina da tarin fuka saboda tari da ya daɗe, kuma tun kafin sakamakon ya fito likita ya shirya abin da za a yi, domin rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana zaburar da inzayim ɗin hanta da ke narkar da metadon, har mutum ya faɗa ciwon yankewa alhali bai tsallake ko rana ɗaya ba. Sakamakon ya nuna ba ni da cutar, amma tun daga nan ba na karɓar wani magani daga ko'ina sai na faɗi cewa ina kan metadon.

Yanzu an rage yawan ɗibar jinin, an bar gwajin ƙirga ƙwayoyi da na hanta da na bugun zuciya a tsakanin watanni masu nisa. Na tayar da maganar rage ma'auni, likita bai hana ni ba, sai dai ya faɗa mini abin da ya wajaba in sani: wanda ya bar jinya sabonsa yana raguwa da sauri, kuma in ya koma ga ma'aunin hiroyin da ya saba da shi a da, shi ne zai iya kashe shi, shi ya sa makonnin da ke biyo bayan barin jinya suke cikin mafi haɗari. Ya ce in za a rage, kaɗan za a riƙa cirewa, a jira jiki ya zauna kafin a sake taɓawa, kuma duk lokacin da barci ya lalace ko sha'awar allura ta dawo, a tsaya ko a koma baya. Mun yanke shawarar a fara magance ƙarancin testosteron a ga ko himogulobin zai wuce inda ya tsaya, a bar ma'aunin metadon yadda yake har zuwa gwaji na gaba, sannan mu sake zama a kan maganar ragewa da sababbin takardu a gabanmu.